Ekstirakta, abin zaro karyayyen noti: inda yake aiki da inda ba ya yi

Duk mai gyaran injin ban ruwa ko janareta a Gombe ya san takaicin karyayyen noti. Kai ya biyo sifana, jiki ya zauna cikin rami, babu wurin kamawa. Da rani, lokacin da manoman Dadin Kowa ke turo injuna, aikin rabin awa sai ya cinye wuni. Shi ya sa na sayi setin ekstirakta a Babbar Kasuwa, mai guda biyar, lamba 1 zuwa 5 daga ƙarami zuwa babba, a ɗan akwatin roba, kuma tun ranin bara nake aiki da shi.

Ƙarfe ne mai tsini, zarensa a juye yake, na hagu. Za ka buga fonci, wato ƙarfen yin alama, a tsakiyar guntun notin, ka huda da dirila, ka cusa shi, ka ɗan bubbuga da guduma, sannan ka murɗa hagu. Iya murɗawarka, iya cizon da yake yi, har guntun ya biyo shi waje.

A notin da ɗauri ya karya, gaskiya ya biya ni. Yaranmu na shago ƙarfi ne da su, sai su kama notin sifana 10 su yi ta ja kamar na tayar mota, har kan ya tsinke. Irin wannan da zarar kai ya fita, matsin ya tafi, guntun na zaune ne kawai. Na zaro wani daga murfin injin janareta da yatsa biyu, zaren ramin fes, na sa sabon noti aka wuce wurin. Haka sukurun kafireto da sukudireba ya cinye kansu, da lamba 2 na fito da su ba gardama.

Amma notin da tsatsa ta riƙe, nan labari ya sha bamban. Ɗauki notin salansa, wanda wuta ke gasawa kullum, ko na gangar famfon ruwa, inda ƙarfe ya daɗe cikin alminiyam da laima har wani farin gari ya cika zaren. Wannan noti fa da cikakken kaurinsa ya gwammace ya karye da ya juya. To yaya ƙarfen da bai kai shi kauri ba zai juya shi? Ƙari a kan haka, tsinin nan yana buɗa guntun daga ciki yayin da kake murɗawa, sai ya ƙara cijewa a jikin ramin. Idan ka huda rami ya yi faɗi, bangon notin ya yi siriri, abin ya fi muni. Ni ba na wuce kusan rabin kaurin notin.

Babban haɗarin shi ne karyewa. Ƙarfen ekstirakta an gasa shi ya yi tauri, ba ya lanƙwasa, ba ya ba ka alama, ƙas kawai za ka ji. Maƙwabcina a layinmu ya ara lamba 1, ya kama shi da sifana mai daidaitawa a notin salansar babur, ya tsinke a ciki. Bakin dirila na yau da kullum ba ya cin wannan ƙarfe, zamewa yake yi gefe ya ci alminiyam. Da muka kai wa mai walda, ya duba ya girgiza kai: "Maigida, da kun kawo tun kafin ku huda, da tuni kun koma shago." Hanyarsu ita ce a ɗora washa da wani noti mai rami a kan guntun a like da walda. Zafin yana fasa tsatsar, waldar ba ta kama alminiyam, ga kuma sabon kai na sa sifana. A notin tsatsa ban ga abin da ya kai wannan ba.

Wanda zai yi amfani da ekstirakta ya nemi mariƙi mai hannu biyu, irin na yanka zare, domin ja ta gefe ɗaya shi ke karya shi. A jiƙa notin da WD-40, man feshin nan mai sassauta tsatsa, ko kananzir gauraye da baƙin mai, ya kwana. Dirilar batir ta fi daɗi, tana tafiya a hankali, kuma ba ruwanka da jiran wuta. Idan ka ci sa'ar samun bakin dirila mai juyin hagu, saya, wani sa'in tun kana huji guntun zai warware da kansa.

Lambobin da aka rubuta a jikin nawa sun goge da wuri, yanzu da ido nake zaɓa. Lamba 1 ban maye gurbinsa ba, kuma ban yi kewarsa ba. Na 3 da na 4 su ne ke aiki. Bakanike ya ajiye seti ɗaya a akwati, kuɗinsa bai kai na sabuwar gangar famfo ba. Manomi mai inji ɗaya kuwa, gara ya kai wa mai walda.