Hattara da masu tallar "tangaran ɗin Fotugal, aikin hannu" a intanet

Wannan gargaɗi ne ga iyaye mata masu haɗa wa 'ya'yansu kayan ɗaki, da amare, da 'yan'uwana masu sarin kayan kicin. Wasu shafuka sun ɓullo a Instagram da Facebook da TikTok suna tallar farantai da kwanuka da butocin shayi masu zanen furanni da tsuntsaye, suna cewa tangaran ne na ƙasar Fotugal, wai da hannu aka gina shi, da hannu aka zana. Mafi yawansu ƙarya suke yi. Don Allah kada kowa ta tura kuɗinta kafin ta karanta wannan.

Damfarar iri biyu ce. Ta farko daga waje take zuwa: za ku ga hoton wani dattijo Bature da farin gashi, hannunsa duk yumɓu, an rubuta cewa tsufa ya zo masa, zai rufe masana'antar da ya gada, don haka yana karyar da sauran kayansa da rangwamen kashi 70 ko 80 cikin ɗari, kuma yau ce rana ta ƙarshe. Ku koma bayan wata guda, har yanzu yau ce rana ta ƙarshe. Hoton dattijon ko dai sato shi aka yi, ko kwamfuta ce ta ƙirƙiro shi. Ta biyu kuwa a gida take, kuma ita ta fi ci mini rai, domin da harshenmu ake yin ta, da sallama da "Hajiyata" da rantsuwa. A buɗe zauren WhatsApp, a zuba hotuna masu ɗaukar ido, a ce a biya kuɗin oda, kaya na kan ruwa, nan da mako shida za su iso. Daga nan ko dai a yi ta jan ku da zancen kwastam har a toshe lambarku, ko a kawo muku kayan inji da aka manna wa zanen sitika, irin wanda za ku samu a kasuwa a kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin. Wata maƙwabciyata da ta yi adashe don auren 'yarta, kayan injin ne aka kawo mata, kuma ba a gama wata uku ba zanen ya fara kankarewa a wajen wanki.

Abin da zai kare ku shi ne sanin yadda ake yin na gaskiyar. Ana gina kwanon a kan faifai mai juyawa ko a zuba yumɓu a mazubi, a bar shi ya bushe kwanaki, sannan a gasa shi a tanderu da zafin da ya kai wajen digiri 1,000. Bayan ya huce sai a tsoma shi cikin farin ruwan ƙyalli, wanda tun asali kuza ce ke ba shi wannan farin. Idan ya sha iska, samansa kamar gari yake, kuma a kan wannan garin mai zane ke jan buroshi. Launin na shigewa nan take, babu gogewa, babu gyara. Shuɗi daga sinadarin kobal ake samunsa, kore daga jan ƙarfe, ruwan ƙasa da shunayya daga manganis. Sai a mayar da shi tanderu karo na biyu, ƙyallin ya narke ya zama gilashi ya haɗiye zanen. Shi ya sa zanen gaskiya ba ya kankarewa, a cikin ƙyallin yake. Shi ya sa kuma ba za a taɓa samun farantai biyu da suka zo daidai da daidai ba.

Kuma wannan sana'a tana da garuruwanta, kowane da kamanninsa. A Coimbra da Condeixa-a-Nova ana zana barewa da zomo da tsuntsaye cikin ganyayyaki, ana bin salon ƙarni na 17, lokacin da maginan Fotugal suka riƙa kwaikwayon tangaran mai shuɗi da fari da jiragen ruwansu ke kawowa daga ƙasar Sin. A yankin Alentejo, a Redondo da São Pedro do Corval, ƙauyen da ke da masana'antun iyali sama da 20, jan yumɓu suke amfani da shi: su lulluɓe shi da farar ƙasa, su fitar da layin zanen da tsinke, su cike da launi, sannan su zuba ƙyalli mai garai-garai. Caldas da Rainha ita ce gidan kwanukan nan masu siffar ganyen kabeji, inda mai zane Rafael Bordalo Pinheiro ya kafa masana'antarsa a 1884, kuma har yau tana aiki. Alcobaça ta yi suna da shuɗi, Barcelos da zakaranta. Na kawo sunayen nan ne don ku samu abin tambaya. Wadda ta ce kayanta daga Fotugal suke, ku ce mata wane gari, wace masana'anta? Ɗan kasuwan gaskiya da alfahari zai amsa, har ya nuna rasit. Ɗan damfara zai ce sirrin kasuwa ne.

Babbar hujja tana ƙarƙashin faranti, wurin da masu tallar nan ba sa taɓa ɗauka a hoto. Ku ce a kifa shi. Na gaskiya yawanci za ku ga an rubuta "Portugal" da "Pintado à mão", wato zanen hannu, sau da yawa da buroshi, tare da sunan masana'anta ko harufan sunan mai zanen. Kayan Coimbra kan ƙara da ƙarnin da aka kwaikwayi salonsa, kayan Bordallo Pinheiro kuma suna da tambarin kwaɗo. Zoben gindin da faranti ke zama a kai ba shi da ƙyalli, za ku ga ainihin yumɓun, ja ko ruwan madara, kuma in kun ɗiga ruwa zai tsotse. In kuwa gindin fari ne tas mai sulɓi, ko kuka ga sunan ƙasar a kan 'yar takardar da farce zai ɓamɓare, to akwai magana. Sai dai rubutu ma ana iya ƙirƙirarsa, don haka kada ku tsaya nan. Ku ce a jera farantai biyu masu zane iri ɗaya a ɗauke su tare. A aikin hannu wani ganye zai fi wani tsawo, za ku ga inda buroshi ya sauka da launi mai kauri da inda ya tashi da tsarara. In kowane layi ya faɗi wuri ɗaya a farantan biyu, inji ne. In kayan yana hannunku, ku zuƙo zanen da kyamarar waya: zanen inji ɗige-ɗige ne ƙanana a jere, kuma wani lokaci yatsa kan ji gefen sitikar.

Bari in yi adalci a nan. Fotugal ma tana da manyan masana'antun da ke fitar da kwanuka da inji, saboda haka kaya zai iya zama na can ba tare da ya zama aikin hannu ba. Haka kuma kayan ƙasar Sin ba laifi ba ne, duk gidajenmu akwai su, kuma akwai masu kyau ƙwarai. Laifin shi ne a sayar maka da wani abu da sunan wani, a karɓi kuɗin gumin magini alhali bai san ana yi ba. Mutanen nan na ƙauyukan Alentejo iyalai ne da ke riƙe da sana'ar kakanni da ƙyar, matasa na gudunta, sannan a sace hotunan kayansu a yi tallar ƙarya da su.

Ku yi lissafin kuɗin da kanku. Abu ne da aka gasa sau biyu, mutum ya zauna ya zana shi ɗaya bayan ɗaya, ana biyansa da yuro. Ga nauyi, ga saurin fashewa, ga kuɗin jirgi da na kwastam. Ta yaya saiti mai guda 48 zai iso Kano ko Maraɗi a farashin da bai kai na dakonsa ba? Araha ba ta ado. Masana'antar iyali kuma ba ta iya fitar da ɗaruruwan saiti iri ɗaya a wata, don haka mai cewa "ko nawa kike so akwai" ta riga ta tona kanta.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi tayar mini da hankali, wato gubar dalma. Wasu ruwan ƙyalli da launuka masu araha suna ɗauke da ita, kuma in ba a gasa su yadda ya kamata ba, abu mai tsami kamar lemun tsami, tsamiya, zoɓo ko miyar tumatir yana fito da ita cikin abinci. Mun san aikin wannan guba: a 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, ko da yake can daga haƙar zinare ta fito. Tarayyar Turai tana da doka tun 1984 da ta ƙayyade yawan dalmar da kwanon tangaran zai iya saki cikin abinci, kuma masana'antun da ke can suna ƙarƙashinta. Kwanon da aka yi ƙarya a kan asalinsa kuwa babu wanda zai tsaya masa. Ba kowane na jabu ne ke da gubar ba, amma ido ba ya gane mai ita, kuma yara da masu ciki ta fi yi wa illa.

Kafin ku biya, ku sa hoton tallar a Google Lens, manhajar binciken hoto, ku ga shafuka nawa ke amfani da shi. Ku nemi a kira ku ta bidiyo da kayan a hannu. Kada ku tura kuɗi asusun da sunansa ya saɓa da na mai kayan, kuma in za a yarda, ku biya bayan kaya sun iso kun duba. Wadda ta riga ta biya, ta adana rasit da duk hirar da aka yi, ta je bankinta da wuri ta shigar da ƙorafi, domin kowace rana da ta wuce tana rage damar dawo da kuɗin; a Najeriya kuma ana iya kai ƙara ga EFCC ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Wadda kuma kayan jabun suka riga suka shiga gidanta, musamman in zanen ya fara kankarewa ko dusashewa, ta jera su a kabad don ado, ta daina zuba wa yara abinci a ciki.