Hostal ko haya a gari? Amsa ga Hajiyar da 'yarta ta samu Jami'ar Jos

Hajiya, barka da arziki, Allah ya sa wa karatun albarka. Kin ce yarinya ta samu gurbi a Jami'ar Jos, ku kuma aiki ya mai da ku Abuja, kina tambaya ko ta nemi gado a hostal ko a kama mata ɗaki a gari. Na ga 'yan'uwan da suka amsa miki sun duƙufa kan lissafin kuɗi. Ni ga abin da zan auna wuraren biyu da shi: ranar da yarinyar nan ta kwanta da zazzaɓi, ko damuwa ta kama ta ta daina fita lakca, wa zai lura kafin abin ya yi nisa? Daga Abuja zuwa Jos ta Keffi da Akwanga tafiyar awa huɗu ce zuwa biyar, kin ga ba ke ce za ki fara isa ba. Idan da wannan aka auna, a shekarar farko hostal ya fi. Sai dai ba ta kowace fuska ya fi ba.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Kuɗin gado bai kama ƙafar kuɗin haya ba. Haya a dunƙule ake biyanta ta shekara, ga la'adar dillali, ga kuɗin wuta, ga 'yan garuwa, ga kuɗin keke safe da yamma, wanda bai sake sauka ba tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Akwai kuma abin da iyaye ba su cika sa wa a lissafi ba. Gado da shekarar karatu yake tafiya, haya kuwa da kalanda. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas ɗakuna na kulle, haya na ci. Mai gida ba ruwansa da ASUU. Ko da yarinya ta nemi rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka fara a 2024, naira 20,000 ne kuɗin kashewa a wata, abinci ma da ƙyar, balle haya.

Ta fuskar jin daɗin jiki kuwa, gaskiya haya ce a gaba, kuma da tazara. Hostal na jami'ar gwamnati ko'ina yake a ƙasar nan halinsa ɗaya: gadaje sun yi wa ɗalibai kaɗan, ɗakin da aka yi wa mutum huɗu sai ki tarar an ƙaru da masu raɓawa, banɗaki na kowa da kowa, da asuba layin bokiti. Ki haɗa wannan da sanyin garinmu. Jos na bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200, ke ma kin san yadda ruwa ke cizon hannu a Disamba da Janairu. Mai ɗakinta a gari za ta ɗora ruwa a gas ta yi wanka a natse, ta dafa abin da ranta ke so da kayan miyan Farin Gada, ta kashe fitila lokacin da ta ga dama. Ta hostal kuwa sai ta koyi karatu a cikin hira, ta koyi kulle akwati.

Kafin ma a yi batun unguwa, ki tambaya a ina sashensu ke lakca. Jami'ar nan ba waje ɗaya take ba. Ta fara ne a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975, tun daga nan ta bazu: akwai harabar titin Bauchi, akwai mazaunin dindindin a Naraguta, masu karatun likita kuma idan sun yi nisa asibitin koyarwa na Lamingo ke jansu. Ɗaki mai kyau da ke buƙatar keke biyu kafin lakcar ƙarfe takwas ba arha ba ne, komai sauƙin kuɗinsa.

Sai batun tsaro, wanda ba na so mu yi wa juna kara a kansa. Duk wanda ya ga rikicin Satumbar 2001, da na Nuwambar 2008, da na Janairun 2010, ya san abin da ya sa unguwannin Jos suka ware bisa addini. Yau idan dillali ya ji sunan yarinya, ya riga ya san ko Unguwar Rogo zai nufa da ita ko Unguwar Rukuba. Zama cikin naka yana da daɗi a ranar lafiya. Haɗarin yana kan hanya ne, tsakanin ɗaki da aji, ranar da gari ya rikice da tsakar rana. A watan Agustan 2021, bayan kisan matafiya a hanyar Rukuba, an sa dokar hana fita, jami'a ta dakatar da jarrabawa, jihohi da dama suka turo motoci suka kwashe 'ya'yansu. A irin wannan rana ɗaliban hostal suna waje ɗaya, da sunayensu a rajista, hukuma ta san inda za ta tura jami'an tsaro da mota. Na gari kowa na bayan ƙofarsa, sai wanda waya ta samu. A ɗaya gefen kuma, idan aka ce a rufe hostal, kowa tattara kayansa zai yi, mai haya kuwa ba mai tashinta. Shi ya sa ko hostal ta zauna, ki tanadar mata gidan dangi ko na aminiya a cikin gari da za ta iya faɗawa ba tare da an yi shawara ba.

Inda hostal ya yi wa haya nisa shi ne jama'a. Yanzu da shekara 16 ake shiga jami'a. Yarinyar da jiya-jiya ake tashinta sallar asuba, a ce yau ita kaɗai a ɗaki, ta dawo ta tura ƙofa ta rungumi waya, wannan ba 'yanci ba ne a wurina, kaɗaici ne. Kuma ciwon damuwa ba ya zuwa da ihu. Barci ne ke lalacewa, abinci ya fita a rai, a fara tsallake lakca ɗaya, sai biyu, idan kin kira a ce miki "lafiya lau, Mama". A hostal wannan ba ya ɓuya. Wadda ke gadon sama za ta ga tukunyarta kwana biyu ba ta hau wuta ba. 'Yan'uwa mata na ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN kan zaga ɗakuna neman sababbin ɗalibai, haka ƙungiyoyin ɗalibai Kirista na FCS da NFCS ke yi wa nasu, ga ƙungiyoyin jiha da na sashe. A nan ake jin an ɗage lakca, a nan ake samun tsofaffin takardun jarrabawa, a nan ake karo-karo idan kuɗin wata ya yanke kafin ƙarshen wata. Mai haya ma za ta iya shiga duk waɗannan, amma yawancin zaman bayan la'asar ake yi, lokacin ita hankalinta na kan ta samu keke kafin duhu.

Akwai wani abu kuma da ni nake ba nauyi, wataƙila wasu a nan ba za su yarda da ni ba. Tun da unguwanni suka ware, hostal na cikin 'yan wuraren da suka rage a Jos inda Bahaushiya da 'yar Birom da 'yar Tarok da 'yar Ibo za su kwana ɗaki ɗaya, wannan ta rage sautin waƙarta don waccan na sallah, waccan ta ajiye wa wannan ruwa don ta tafi coci. Mu da muka taso kafin rikici a layinmu muka koyi wannan. Su yaran yanzu in ba a makaranta ba, a ina za su koya?

Na san fargabarki, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Gaskiya ne, a hostal za ta haɗu da kowane iri. Amma ki tuna hostal na mata yana da ƙofa, da mai gadi, da dokar baƙi. Ɗakin haya kuwa ba mai tambayar wa ya shiga, wa ya fita.

Ta ɓangaren lafiya, duk biyun haƙƙinsu ɗaya a takarda. Akwai inshorar lafiyar ɗaliban manyan makarantu da ake kira TISHIP, ki sa ta buɗe kati a asibitin jami'a a makon farko, kada ta bari sai ciwo ya zo. Bambancin da dare yake fitowa. Ta hostal tana da masu riƙe ta a kai ta, ta gari sai an buga ƙofar maƙwabci an nemi abin hawa.

To amma duk wannan kulawar mutane ne ke yinta, kuma su ma da nasu nauyin. Masu kula da hostal, da masu gadi, da ma'aikatan jinya, da masu sakin ruwa, yawancinsu 'yan SSANU ne da NASU, ƙungiyoyin ma'aikatan jami'a da ba malamai ba. Su ma an riƙe musu albashin watannin yajin aikin 2022, har suka yi yajin gargaɗi na mako guda a kansa a watan Maris na 2024. Ranar da suka ajiye aiki, ɗan hostal ne ke fara ji a jikinsa, mai haya sai dai labari. Wannan ma ki rubuta shi cikin fa'idodin haya. Ki kuma ɗauki darasi: ranar da kika kawo ta, kada ki sauke kaya ki juya. Ki gaisa da matar da ke kula da ɓangarensu, ki ce ga amana, ki karɓi lambarta. Haka malamin da aka ɗora wa kula da 'yan ajinsu a sashe, yarinya ta san ofishinsa tun kafin matsalar rajista ko sakamako ta taso. Ma'aikacin da aka gaishe shi da mutunci ba ya manta fuskar yaro.

Akwai waɗanda ni da kaina zan ce a kama musu haya tun ranar farko: matar aure, mai goyo, da mai sikila ko asma, domin sanyi na tayar da ciwukan nan biyu, ruwan ɗumi a wurinsu magani ne. 'Yar ajin ƙarshe mai rubuta kundin bincike ma tana da hujja, ta riga ta yi ƙawaye, ta san gari, shiru take nema. In 'yarki ba ta cikin waɗannan, ta nemi gado da zarar an buɗe, ko a hostal na Naraguta ne, ko na Village, ko wanda ake kira Abuja, duk inda aka ba 'yan sashensu, don ba ya jira.

Idan kuma ba a dace ba, gado ya ƙare, to a kama hayar amma da sharaɗi. Kada ta zauna ita kaɗai, a haɗa ta da wata 'yar ajinsu da kika san iyayenta. A zaɓi gidan da iyali ke ciki, da uwar gida mai ido, ba gidan da ɗalibai zalla suka cika ba. Kuma kada ki biya ta waya saboda hoton da dillali ya turo. Ki zo da kanki, ki shiga keke daga ƙofar gidan zuwa ƙofar makaranta da misalin ƙarfe bakwai na safe, ki sake bin hanyar bayan magariba, sannan ki ba da kuɗi.