Ƙaramin tanderun lantarki: ya dace da maƙerin jan zinare?

Maƙeran zinare na kasuwar Wuse da ke Abuja sun san halin jan zinare mai karat 18. A gasa awarwaro, a ajiye shi ya huce da kansa, ana zuwa lanƙwasawa ya tsage. Sau da yawa a kan ce algus aka yi wa zinaren. Ba algus ba ne.

A kowane giram 100 na wannan zinare akwai giram 75 na zinare da 25 na jan ƙarfe. Sai dai ƙwayar zarrar zinare ta fi ta jan ƙarfe nauyi sau uku da ɗoriya, don haka idan aka ƙirga ƙwayoyin kusan ɗaya da ɗaya suke. Da zafi sosai a cakuɗe suke zaune, kowacce inda ta samu. Da zarar zafi ya sauko ƙasa da digiri 410 na ma'aunin Celsius a hankali, sai su jeru sahu-sahu: shimfiɗar zinare, shimfiɗar jan ƙarfe. Jeruwar tana tsuke tsarin ƙwayoyin ta gefe ɗaya, cikin ƙarfen ya ɗaure, ya yi tauri, ya daina miƙuwa. Zinare mai karat 22 ba ya wannan, jan ƙarfensa bai kai ba.

A nan ƙaramin tanderun lantarki mai allon nuna zafi, irin mai kaiwa digiri 1,100, ya yi wa wutar gas fintinkau. Da gas, ido ne ma'auni, ido kuwa ba ya bambance 450 da 600 a shago mai haske. Da tanderu sai a saita 550 zuwa 600, a bar kayan minti 30, a ɗauko da awartaki a tsoma a ruwa nan take, kafin ƙwayoyin su samu sararin jeruwa. Bokitin ya kasance a gindin tanderun. Bayan an gama ƙira, a mayar da kayan a 280 na awa ɗaya, taurin ya kusa ninkawa, maƙullin sarƙa ya daina sakewa. Wannan kaɗai ya biya kuɗinsa.

Yana da nasa aibu. Sandar auna zafin tana jikin bangon baya, bakin ƙofa kuwa ya fi sanyi, saboda haka a tura kaya tsakiya. A ƙaramin zafi yakan zarce abin da aka saita, a jira allon ya tsaya cak kafin a saka komai. Iska na shiga ciki, jan ƙarfen ya yi baƙi. A shafa ruwan boraks, wani farin gari da ke kare ƙarfe daga iska, ko a binne kayan cikin garin gawayi. Kayan da aka riga aka ɗaura wa dutsen ado ba a tsoma su.

Babbar damuwa wuta ce. Yana jan abin da ya kai kilowat ɗaya da rabi zuwa biyu, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, kada a bar kayan su huce a ciki, domin wannan sanyin a hankali shi ne ainihin abin da ke kawo tsagewar. A fito da su a tsoma, in wuta ta dawo a sake daga farko.

Mai aikin karat 22 zalla bai buƙace shi ba.