Gidan hayar da muke ciki a Cayuga Heights, kusa da Jami'ar Cornell: tauraro 4 cikin 5

Ƴan uwa masu shirin zuwa karatu Ithaca, garin da ke jihar New York ta Amurka, musamman masu tahowa da iyali, kun yi ta tambayata batun gida, to bari in faɗa muku abin da na gani a inda muke. Ba zan ambaci sunan mai gidan ba, dattijuwa ce ƴar fansho, ita tana sama mu muna ɓangaren ƙasa mai ɗaki biyu da falo da kicin, ƙofarmu daban. Irin wannan tsari yana da yawa a unguwar, saboda gidajen manya ne kuma tsofaffi, yara sun girma sun watse, sai a yanke wani sashe a ba ɗaliban digiri na biyu da na uku haya.

Cayuga Heights ɗin nan ƙauye suke kiransa a hukumance duk da ba ƙauye ba ne irin wanda muka sani, yana jingine da jami'ar ta arewa, mutanensa wajen 4,000 ne kawai, kuma da yawansu farfesoshi ne da likitoci da waɗanda suka yi ritaya. Yana da ƴan sandansa da ƴan kwana-kwanansa. Ita kuma Cornell tun 1865 aka kafa ta, a kan tudu take, ƙasa kuma ga garin Ithaca a bakin tafkin Cayuga. In ka fito daga Collegetown inda ɗalibai ƴan digirin farko suke cunkushe da kiɗa da hayaniya har tsakar dare, ka shigo nan, wallahi kamar ka canza ƙasa.

Abin da nake biyan kuɗinsa shi ne shirun nan, kuma ya biya ni. Bishiyoyi ne dogaye sun rufe titi, gida da gida akwai tazara, da daddare ba ka jin komai sai iska a ganye ko kukan mujiya. Wanda yake rubuta kundin digiri ya san darajar wannan, zan zauna bayan asuba in yi aiki har hantsi babu mai buga ƙofa babu hon babu janareta, abin da nake yi a sati a da sai in gama shi cikin ƴan kwanaki. Yara kuma suna barci da wuri, makarantar firamare ta gwamnati tana nan cikin unguwar kuma kyauta ce, motar makaranta mai ruwan ɗorawa tana tsayawa kusa da mu. Maman yara ta fi kowa son watan Oktoba, lokacin da ganyen ke komawa ja da rawaya, gaskiya ni ma duk sanda na gani sai na yi tasbihi. Akwai wani ɗan wurin shaƙatawa Sunset Park da ake hango tafki da gari daga sama, ga dajin Sapsucker Woods inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Cornell take, tafiyar ƴan mintuna a mota, shiga kyauta, yara sun koyi sunayen tsuntsaye fiye da ni.

Mai gidan kuma tana da kirki, ba ta shiga harkarmu, in abu ya lalace ka tura mata saƙo za ta kira mai gyara ba tare da ja-in-ja ba. Tun farko na faɗa mata muna girki mai yaji da soye-soye kuma muna tashi sallar asuba, ta ce ba komai, sai dai a kunna fankar kicin. Da azumi har tambaya take ƙarfe nawa muke shan ruwa don kar ta kira mai gyara a lokacin. Wannan mutunci ya sa na ƙara mata tauraro ɗaya.

To amma dan Allah ku saurari ɓangaren da ba ya fitowa a hoton talla. Na farko kuɗi. Haya a Ithaca tana da tsada sosai idan ka dubi ƙanƙantar garin, saboda jami'o'i biyu ne, Cornell da Ithaca College, ɗalibai sun fi gidaje yawa, kuma wannan unguwa tana cikin masu tsadar. Yarjejeniya yawanci ta wata 12 ce, ana farawa Yuni ko Agusta, kuma gidaje masu kyau tun da wuri ake kama su, in ka bari sai ka sauka a jirgi to ragowa za ka samu. Abin da ya kamata ka sani, dokar jihar New York ta 2019 ta hana mai gida karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar wata ɗaya, kuma dole ya mayar maka cikin kwana 14 bayan ka tashi tare da bayanin abin da ya cire. Ranar da ka shiga ka ɗauki hoton kowane lungu ka ajiye. Sannan ka tambaya ƙarara, kuɗin ɗumama gida yana cikin hayar ko a'a? Mu namu ba ya ciki, gidan tsoho ne tagoginsa na shigo da iska, daga Disamba zuwa Maris bil ɗin yana cin aljihu ba kaɗan ba, sai da muka manna leda a tagogi muka ɗan samu sauƙi. Shara ma sai ka sayi tikiti ka manna a jikin leda ko bola kafin a kwashe.

Sai danshi. Ɓangaren ƙasa ne kuma bishiya ta hana rana shigowa, da bazara kaya a wadrob suna fara warin rima, ta ba mu na'urar tsotse danshi tana aiki amma wutar da take ci a kanmu take. Nan ne tauraron ya faɗi, da ta sa kuɗin wutar na'urar a kanta da na ba ta biyar.

Ƙanƙara kuma a rubuta a takarda wa zai kwashe ta daga hanyar mota. Mu raba muka yi, ita tana biyan mai motar turewa in ta zuba da yawa, ni kuma matakala da bakin ƙofa da shebur da gishiri. Titunan unguwar hawa da gangara ne da kwana-kwana, layinmu babu ma hanyar masu ƙafa, don haka in za ka sayi mota ka ware kuɗin tayar hunturu, ba ado ba ne. Kuma in guguwa ta kada reshe kan faɗo kan waya a ɗauke wuta, ba kullum ba amma yana faruwa, ka ajiye tocila da bargo mai kauri.

Barewa, ai su ne masu unguwar. Za ka buɗe labule ka ga uku huɗu a tsakar gida suna kallonka ko gezau, sun cinye tumatir da alayyahon da maman yara ta shuka tas. Yawansu ya kai hukumar ƙauyen ta yi shekaru ana muhawara a kansu, har aka yi wa matansu aikin hana haihuwa, daga baya aka koma rage su ta hanyar harbi. Abin da ya fi damuna shi ne kaska. Wata ƴar mitsitsiya ce da ke bin barewa da ɓeraye, tana ɗauke da cutar Lyme, kuma yankin nan na arewa maso gabashin Amurka shi ne matattararta. Duk sanda yara suka yi wasa a ciyawa sai an duba su, bayan kunne, hammata, cikin gashi, bayan gwiwa. In ka ga jan tabo yana faɗaɗa kamar zobe ko zazzaɓi bayan cizo, asibiti kai tsaye, kar a tsaya jiƙe-jiƙe. Da magariba kuma tuƙi a hankali don suna faɗowa titi ba sallama.

Zirga-zirga, bas ɗin TCAT (bas ɗin haya na garin) lamba 30 yana haɗa cikin gari da jami'a da babban mol, wato rukunin kantuna, in gidanka na kusa da hanyarsa ka huta, ni da shi nake zuwa makaranta. Akwai ƴan shaguna a Community Corners, amma cefanen gaske sai an gangara Wegmans ko Aldi, kayan miyarmu irin su manja da garin rogo da nama mai yawa na halal kuwa mukan haɗa kai da wasu ƴan uwa mu je Syracuse, wajen awa ɗaya a mota. Juma'a ana yi a cikin jami'a, akwai kuma cibiyar Al-Huda, jama'a ba su da yawa amma akwai zumunci.

Kuma nan ne maganar da nake so mai zuwa ya auna da kyau. Shirun da ya taimake ni karatu shi ne ya fi wahalar da maman yara a hunturun farko. Ni ina fita in ga mutane, ita tana gida, a Disamba kafin biyar na yamma duhu ya yi, sama a rufe da gajimare kwana da kwanaki, maƙwabta mutanen kirki ne za su ɗaga maka hannu da murmushi amma babu mai leƙowa ya ce ina kwana, ya gajiya, kawo yaron in riƙe miki. Macen da ta taso a gidan yawa wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban ɗauke shi wasa ba. Abin bai daidaita ba sai da ta samu lasin tuƙi ta fara zuwa laburaren gari da yara da haɗuwa da matan masallaci.

Don haka in kai kaɗai ne, sabon zuwa, ba mota, ni ban ba ka shawarar nan ba a shekarar farko, nemi gidajen jami'a irin Hasbrouck inda iyalan ɗalibai daga ƙasashe daban-daban suke ƙofa da ƙofa, ko unguwar Fall Creek a ƙasa inda za ka taka da ƙafa zuwa shago. In kuwa da iyali kake, akwai mota, uwargida na tuƙi ko tana shirin koya, kuma ka kai matakin rubutu, to ka nemi irin namu, mu dai mun sabunta yarjejeniya. Kafin ka sa hannu ka sa wani ɗan uwa da ke gari ya je ya shiga ɗakin ya shaƙi iskarsa ya taɓa bango, ya kuma roƙi mai gidan ta nuna masa bil ɗin watan Janairun bara.