Gran Turismo 7 da Matsalar Rarraba Tsofaffin Motocin Tsere

Na shafe watanni ina buga wasan tseren motoci na Gran Turismo 7 a kan PlayStation 5 a gidana da ke Barnawa, kuma ba zan ɓoye ba, tsofaffin motocinsa ne suka ja ni gare shi. Wanda ya taso a Kaduna yana kallon sababbin Peugeot 504, waɗanda muke kira Fijo, suna fitowa daga masana'antar harhaɗa motoci ta Kakuri da ta fara aiki a 1975, da wuya ya ga tsohuwar mota ya ɗauke kai. Kamfanin Polyphony Digital na Japan ya fitar da wasan a watan Maris na 2022 da motoci fiye da 400, kuma ta fuskar kyan zane da ƙarar inji ba ni da abin kushewa. Inda nake da magana shi ne yadda aka rarraba tsofaffin motocin.

A wajen saye, tsarin ya yi ma'ana. Shaguna uku ne: ɗaya na motocin da aka ƙera daga 2001 zuwa yau, ɗaya na motocin hannu, irin waɗanda muke kira tokumbo, sai na uku da aka keɓe wa motocin tarihi, inda kayan ke sauyawa lokaci zuwa lokaci, kuma farashin wasu, kamar Ferrari 250 GTO ta 1962, ke kai miliyan 20 na kuɗin wasan. Tsadar tana da ban haushi, amma tana koya wa mai wasa cewa waɗannan motoci ba sa'o'in sauran ba ne.

Da zarar an shiga fili kuwa, sai wannan girmamawar ta ɓace. Rukunin da ake kira Gr.1 ya haɗa Mazda 787B, wadda ta ci tseren sa'o'i 24 na Le Mans a Faransa a 1991, da Jaguar XJR-9 ta 1988, da Sauber Mercedes C9 ta 1989, wuri guda da Porsche 919 Hybrid, motar da ta ci wannan tseren sau uku a jere daga 2015 zuwa 2017. Tsofaffin an ƙera su ne domin zamanin da ake kira Group C, lokacin da doka ta ƙayyade yawan man da mota za ta sha, aka kuma siffanta jikinsu domin keta iska a kan doguwar miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne ta filin Le Mans, inda wata mota mai injin Peugeot ta taɓa kai kilomita 405 a sa'a a 1988, kafin a sanya wa hanyar lanƙwasa biyu a 1990. Ita kuwa 919 tana da injin lantarki da ke juya tayoyin gaba, saboda haka tana fita daga kwana kamar an harba kibiya, yayin da direban tsohuwa ke lallashin totur kada bayanta ya juya. Domin a sasanta su, wasan yakan rage wa wata ƙarfi ya ƙara wa wata nauyi. Sakamakon ba ya gamsar da kowa: a hanya mai tsawo tsofaffin su yi fintinkau, a hanya mai yawan kwana su zama 'yan rakiya. Ko a filin sukuwa ba a sakin dokin Arewa da dokin Sudan a zagaye ɗaya don kawai an ɗora wa ɗayan sirdi mai nauyi.

Haka abin yake a rukunin Gr.B na motocin tseren daji, inda Peugeot 205 Turbo 16 ta 1986, ɗaya daga cikin motocin da aka haramta ajinsu bayan mutuwar direba Henri Toivonen da abokin tafiyarsa a tsibirin Kosika a wannan shekarar, take karawa da motocin zamani. Su kuwa Ford Mark IV da Ferrari 330 P4 na 1967, da Porsche 917K ta 1970, ba su da rukuni ko kaɗan, sai dai lambar auna ƙarfi da ake kira PP. Lambar tana faɗin saurin mota a taƙaice, amma ba ta faɗin cewa birkinta na da ne, giyarta ta hannu ce, tayoyinta kuma ba sa riƙe kwalta kamar na yau.

A ganina, zamani da dokar da mota ta yi tsere a ƙarƙashinta su ya kamata su zama ma'auni na farko, lambar ƙarfi ta biyo baya a cikin kowane rukuni. A ware motocin shekarun 1960 zuwa farkon 1970, a ware na Group C, a ware na tseren daji na shekarun 1980. Wani wasan tseren motoci mai suna Forza Horizon 5 ya kama hanyar haka, domin bayan ajin ƙarfi daga D zuwa X, yana kuma kasa motoci gwargwadon iri da zamani, ko da yake shi ma iyakokinsa ba koyaushe suke bayyana ba.

Da an yi haka, da an ga giɓin da ya fi damuna. Fijo 404 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka sau huɗu a shekarun 1960, 504 kuma ta ci a 1975 da 1978, amma na duba shagunan uku ban sami ko ɗayarsu ba. Mai son tsofaffin motoci zai ji daɗin wasan idan ya shirya nasa tseren yana zaɓo abokan karawa daga zamani ɗaya, sai dai ya tanadi data, domin mafi yawan sassan wasan ba sa buɗewa sai da intanet.