Darasin tarihin Nabaho ga yaran firamare a Kano: ya cancanci kuɗinsa, amma da sauran gyara

A dogon hutun da ya gabata wata cibiyar karatun yara da ke yankin Tarauni, a nan birnin Kano, ta shirya darasi na musamman ga ɗaliban aji huɗu zuwa aji shida na firamare a kan tarihi da harshe da al'adun Nabaho, waɗanda littattafai ke rubuta sunansu Navajo, ɗaya daga cikin manyan al'ummun da Turawa suka tarar a ƙasar da ake kira Amurka a yau. Na sanya 'yata a ciki, kuma da yake an ba iyaye damar zama a bayan aji, na ga yadda aka gudanar da shi. Ra'ayina shi ne darasin ya cancanci kuɗinsa, sai dai akwai giɓi babba guda ɗaya da ya kamata masu cibiyar su duba.

Malamar ta fara da taswira, kuma hikima ce ta yi. Yara da dama sun zo da hoton da finafinan kaboyi suka dasa musu, na mutanen da suka ƙare tun zamanin da. Sai ta nuna musu cewa Nabaho, waɗanda ke kiran kansu Diné, suna nan da ƙasarsu a sassan jihohin Arizona da New Mexico da Utah, mai faɗin kusan kilomita murabba'i 71,000, wato fiye da ninki uku na jihar Kano, kuma suna da zaɓaɓɓen shugaba da majalisa da kotuna, hedikwatarsu tana garin Window Rock.

Ɓangaren tarihi shi ne ƙashin bayan darasin, kuma a nan ne na fi jinjina wa malamar, domin ba ta ɓoye wa yaran ɗacin labarin ba, ba ta kuma firgita su ba. Ta bayyana yadda sojojin Amurka ƙarƙashin Kit Carson suka ƙona gonakin Nabaho, suka kashe tumakinsu a 1863 da 1864, har yunwa ta tilasta musu miƙa wuya, sannan aka kora dubban mutane, da tsofaffi da mata da ƙananan yara, tafiyar kusan kilomita 500 a ƙasa zuwa Bosque Redondo, wani sansani a New Mexico da aka tsare su, inda ruwan sha ba shi da kyau, amfanin gona ya yi ta lalacewa, mutane masu yawa suka mutu. Daga nan ta kawo yarjejeniyar ranar 1 ga Yuni, 1868, wadda Janar Sherman ya jagoranta a ɓangaren gwamnati, Barboncito, ɗaya daga cikin shugabannin Nabaho, kuma ya yi magana da yawun mutanensa, ya ƙi amincewa a kai su wani yanki daban, har aka yarda su koma gida. Ta raba yaran gida biyu, ta ce kowane ɓangare ya faɗi abin da zai nema in da shi ne a wurin zaman. Wannan dabara ta sa yaran suka fahimci cewa Nabaho da bakinsu suka nemo komawarsu, ba kyauta aka yi musu ba.

Sashen harshe gajere ne, amma ya yi armashi. Harshen Nabaho yana da karin sauti na sama da na ƙasa, yana bambanta dogon wasali da gajere, yana kuma da baƙaƙe masu tunkuɗo iska irin su k' da ts', waɗanda suke dab da ƙ da ts ɗinmu. Saboda haka yaran Kano suka riƙa furta su ba tare da wahala ba, abin da ke ba mai jin Ingilishi kaɗai wuya ƙwarai. Inda suka sha fama shi ne wasulan hanci da harafin ł. Sun koyi gaisuwar yá'át'ééh, sun kuma koyi cewa ɗan Nabaho yana gabatar da kansa da zuriyoyi huɗu, yana farawa da ta mahaifiyarsa, domin ta wajen uwa ake bin dangantaka a wurinsu. Malamar ta yi amfani da muryoyin masu harshen da ta samo a intanet maimakon ta dogara da furucinta, kuma hakan daidai ne.

A fannin al'adu an taɓo ɗakin gargajiya da ake kira hogan, wanda ƙofarsa ke kallon gabas, da kiwon tumaki, da saƙar barguna da mata ke yi da ulu. Na ji daɗin yadda malamar ta ƙi sa yara su kwaikwayi zanen yashi, ta ce abu ne na ibadar masu shi, ba kayan wasa ba. Amma a ranar rufewa sai ga yara an ɗaura musu huluna na gashin tsuntsu don ɗaukar hoto. Irin wannan hula ta al'ummun filayen tsakiyar Amurka ce, kamar Lakota, ba ta Nabaho ba, kuma ko a wurin masu ita ba kowa ke sanya ta ba. Kuskure ne da ya warware wani ɓangare na abin da aka koyar.

Babban giɓin kuwa yana ga harshen koyarwa. Yarjejeniyar 1868 ta tanadi a sanya yara masu shekara 6 zuwa 16 a makaranta, kuma a makarantun kwana da suka biyo baya an riƙa hukunta yaran Nabaho idan suka yi magana da harshensu. Wannan harshe da aka hana su shi ne sojojin Amurka na rundunar Marines suka nema a 1942, lokacin da samari 29 suka ƙirƙiro lambobin sirri da shi, waɗanda Japan ba ta iya warwarewa ba har aka gama Yaƙin Duniya na Biyu. Ba a bayyana aikinsu ga jama'a ba sai a 1968. Yau kuma iyayen Nabaho suna fafutukar ganin yaransu sun iya harshen, har sun kafa makarantun da ake koyarwa da shi, tun daga ta Rough Rock a 1966. Malamar ta ba da duk wannan labari tiryan-tiryan, amma da Ingilishi zalla, ga yaran da Hausa ce harshen gidansu, waɗanda wasunsu ke halartar makarantun kuɗi inda ake cin tarar ɗalibi idan ya yi Hausa a aji. Babu wanda ya tambaye su ko labarin ya tuna musu da wani abu. Na yi wa shugabar cibiyar magana, na ce, "Hajiya, da an bar yaran nan sun tattauna wannan sashe da Hausa, da sun fi ɗaukarsa." Ta saurare ni da ladabi, ta ce iyaye da yawa don Ingilishi suke kawo 'ya'yansu. Na fahimci uzurinta, amma ban gamsu ba, domin rabin sa'a na tattaunawa da Hausa ba zai rage wa kowane yaro Ingilishinsa ba.

Ta fuskar tsari, ajin yana da tsabta da iska, yaran ba su yi yawa ba, kuma akwai sola, don haka ɗauke wuta bai katse nuna hotuna ba. Kuɗin bai kai na malamin lesin na wata guda ba. Lokacin ne ya ɗan matsa, domin safiyar Asabar ta ci karo da Islamiyyar yara da dama, kuma da an mayar da shi bayan La'asar da ya fi. Ina ba iyayen yara 'yan aji biyar da shida shawarar su gwada idan an sake buɗewa. 'Yan aji huɗu kuwa, labarin Bosque Redondo ya yi wa wasunsu nauyi, saboda haka ya kamata uba ko uwa su zauna da yaro a ranar da za a yi wannan sashe.