Fedar Thrustmaster TFRP da sauka cikin iskar gefe

Duk ɗalibin tuƙin jirgi da ke atisaye a kwamfuta yana murɗa sandar hannu a madadin feda, wato abin da ake takawa da ƙafa don juya hancin jirgi hagu ko dama, ɓata wa kansa lokaci yake yi. Shi ya sa na sayi wannan feda, na haɗa ta da X-Plane, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi, a ɗakina a Zariya, kuma ban yi da-na-sanin kuɗina ba.

Ƙaramin jirgi ba kasafai iska ke kayar da shi a sama ba, a titin sauka take cin mutum. Tana bugowa daga gefe, ta daki wutsiya, hancin ya juya ya fuskance ta, taya ta taɓa ƙasa a karkace, kafin ka ankara kana cikin ciyawa ko fiffike ya goge kwalta. Maganin sananne ne: ka kwantar da fiffiken da ke ɓangaren iska, ka taka fedar ɗaya ɓangaren don hanci ya miƙe, tayar gefen iska ta fara sauka. Faɗarsa da sauƙi. Ƙafa ce ba ta jin magana sai da maimaici.

A nan fedar ta biya ni. Tana zamewa sumul a kan dogonta, kowace ƙafa da birkinta a yatsu. Nakan ɗauki ƙaramin jirgi Cessna 172 a manhajar, in sa iskar gefe ta kilomita 28 a awa, wato iyakar da kamfanin ya gwada ya rubuta a littafin jirgin, in yi ta sauka har dare. Sai in mai da ita mai fizga irin ta gaban hadarin farkon damina. Idan tana 20 tana zabura zuwa 40, rabin bambancin, wato 10, nake ƙarawa a gudun sauka. In abin ya rikice, in ba shi wuta in sake zagayowa.

A kan tayil fedar takan zame, sai na tokare ta da bango. Kuma sifirin (spring) ne ke riƙe ta, taurinta ɗaya ko jirgi na gudu ko ya rage, alhali ta gaske tana laushi idan gudu ya ragu. Kujerar ɗaki ma ba za ta gaya maka jirgi na zamewa ba, wannan sai da malami a gefenka.

Mai manyan ƙafafu ya gwada ta kafin ya biya, don fedojin biyu suna kusa da juna. Ni da safa nake taka ta.